Maina Mai Jiran Amsa

In kana sauri a garin Diffa ka hango Maina yana tahowa, shawarata ita ce ka sauya hanya. Ba mugun mutum ba ne, ba ya roƙo, ba ya tsegumi. Gaisuwa ce kawai. Zai tambaye ka kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida da yara, ya tambayi kawunka da aka yi wa aikin ido bara, sannan ya juya harshe zuwa Kanuri ya sake ɗaukowa daga farko, kada wata gaisuwar ta ga an bar ta a baya. 'Yan dako a kasuwar tattasai sun san halinsa. Da zarar ya ce "wushe", sai su sauke buhu su nemi inuwa.

Gado ya yi. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, manomin tattasai ne a Geskeru, bakin kogin Komadugu, kuma an san shi da abu guda: in yana ban ruwa wani ya zo wucewa, sai ya kashe injin kafin ya gaishe shi. Tada injin nan kuwa aiki ne, sai an ja igiya sau goma ana haki. Maina yana yaro ya taɓa tambayarsa dalili. Tsohon ya ce, "In injin na ƙara, na gaida mutum amma ban ji abin da ya ce ba. To mi na yi ke nan?" Maina ya ɗauki doguwar gaisuwar ya riƙe, sauran bayanin kuwa ya manta shi a gona.

Shekarar da zaman bakin kogi ya gagara, suka kwashi abin da ya kwasu suka dawo Diffa, shi da iyayensa da matarsa Zara. Tsohon bai daɗe a birni ba ya rasu, aka bar Maina da mahaifiyarsa, Ya Fanna. Ya iya tuƙi, yana jin Kanuri da Hausa da ɗan Faransancin da ya tsinta a makaranta, sai wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi direba. Farar mota mai doguwar eriya, riga mai aljihu shida, albashi kowane ƙarshen wata. A gidan da tun kakanni ake duban kogi a ga ko za a ci abinci bana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya Fanna takan ce kogi yana zuwa ya tafi, amma biron Maina, wato ofishinsu, bai taɓa ƙafewa ba. In ya biyo da motar ta ƙofar gida, ko ba ta da abin yi a waje sai ta fito gyaran tabarma.

Shekara takwas ya yi a wannan aiki, ba a taɓa kama shi da laifi ba sai na latti. Tafiyar awa ɗaya takan zama biyu, don ba zai wuce tsoho a bakin hanya da ɗaga hannu kawai ba. Shugabannin sun gaji da faɗa sun bari, musamman da suka lura garin da ake yi wa sauran motoci kallon hadarin kaji, motar Maina da nono ake tarbarta. Amma akwai abin da ke cinsa wanda bai gaya wa kowa ba. Rabin aikin direba jira ne. A shiga taro a rufe ƙofa, shi yana ƙarƙashin bishiya yana goge gilashin da ya riga ya goge, bakinsa cike da magana ba mai saurare.

Wata ranar kasuwa ya tsaya a rumfar abokinsa Jibirin, Badamagare mai sayar da wayoyi da caja, ya shiga kwaikwayon dillalin tattasai: yadda yake cusa hannu can ƙasan buhu, ya shinshina, ya ɓata rai kamar an aiko masa da saƙon rasuwa, ya kushe kayan da yake mutuwar so. Jibirin ya ɗauka a waya ya ɗora a intanet. Kafin kwana uku mutum dubu tamanin sun kalla. Maina ya shiga biro, mai gadi ya tarbe shi da shinshina hannu yana ɓata rai.

"Kai ba direba ba ne, talbijin ne kai," in ji Jibirin. "Yaran da ba su kai ka baki ba suna cin abinci da wannan abu a Yamai da Kano. Kai kana nan kana goge gilashi."

Maganar ta faɗa inda take so. Wata biyu Maina yana juya ta, sannan ya rubuta takardar ajiye aiki, ya miƙa makullin mota, ya sayi waya mai ido uku da sandar riƙe ta. Sai da ya gama duk wannan ya je gaban Ya Fanna, wanda ko ni da nake son sa na san baya ya fara da ita. Ya same ta tana cire hancin busasshen tattasai a faranti.

"An kore ka?" ta tambaya.

"A'a, Ya."

"Motar ta mutu?"

"Lahiyarta lau."

"To aikin mi za ka yi?"

"Zan riƙa magana cikin waya, mutane suna kallo."

"Su wa za su biya ka?"

"Masu talla."

"Ka san su?"

"Tukuna dai."

Ta koma kan tattasanta. Washegari bayan asuba ya durƙusa a ƙofar ɗakinta kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya yi sallama. Ta amsa sallamar cikakkiya, don wannan haƙƙin Allah ne kuma ba za ta ɗauki zunubi saboda shi ba. Ya ce ina kwana, shiru. Ya tambayi gajiya, shiru. Ya tambayi gwiwarta da ke damunta, sai ƙarar carbi. Maina, wanda ko akuya ya gaisar sai ta yi masa kuka, ya tashi ya tafi. Tun daga ranar haka aka ci gaba: sallama a amsa, saura a bar masa kayansa. Abin ya yi masa ciwo fiye da zagi, ya kuma ƙudura a ransa cewa sai ya yi sunan da zai sa ta buɗe baki.

Bidiyonsa na farko a matsayin mai sana'a minti biyu ne. Minti ɗaya da rabi gaisuwa ce. Ya gaida mutanen Diffa, ya gaida na Geskeru da na Gagamari, ya gaida masunta da makiyaya, ya tambayi yara da awaki da masu jego, sannan a ɗan abin da ya rage ya soma ba da labarin, lokaci ya ƙare. Mutum ɗari biyu da sha ɗaya suka kalla. Ya yi na biyu da na uku, duk kanwar ja ce.

Jibirin ya zaunar da shi a kan benci ya nuna masa wani zane a wayar, layi ne da ya taso sama sannan ya rufta kamar gaɓar kogi da damina. "Ka ga nan? Nan ne ka ce ina kwana. Ka ga nan kuma? Nan kowa ya tahi. Daƙiƙa uku gare ka, Maina. In ba ka kama mutum cikin daƙiƙa uku ba, ya shure ka da yatsa."

"To gaisuwar hwa?"

"Yanke ta."

"In shiga wayar mutum ba sallama? Ai ɓarawo ke haka."

"Ɓarayin su ke da mabiya," in ji Jibirin.

Haka Maina ya yanke gaisuwa, yana ji kamar ya fito kasuwa ba hula. Ya sayi baƙin tabarau. Ya yi rawa da buhu a ka. Ya yi bidiyo yana tafiya da baya a bakin gona yana bayani, ya faɗa cikin hanyar ruwa shi da wayar, ta kwana biyu a cikin buhun shinkafa kafin ta farfaɗo. Da aka shiga yayin cin yaji, Jibirin ya ce ga dama ta samu, tunda Diffa ce gidan tattasai. Maina ya zauna gaban tire guda na tattasai, ya tauna, ya zare ido, ya yi ta fifita baki yana neman ruwa. Mutanen nesa sun yi dariya. Mutanen gida kuwa suka cika ƙasan bidiyon da magana ɗaya: ɗan Geskeru guda, wa zai yi wa ƙarya, yaushe tattasai ya fara yaji? Don ya wanke kansa sai ya sake yi da barkono na gaske, 'yan ƙananan nan marasa imani. Wannan karon ba wasa a ciki. Ya yi hawaye, ya yi majina, ya kira sunan Allah da harsuna uku.

Wannan bidiyon ya yi tafiya, kuma tafiyarsa ta kai shi har tsakar gida. Wata maƙwabciya ta shigo da wayarta takanas don ta jajanta wa Ya Fanna. Tsohuwar ta kalla har ƙarshe, ta miƙa wayar, ta ce ba ta gane mai kukan ba. A satin ne kuma sabon direban ƙungiyar ya fara biyowa ta layinsu da farar motar, yana danna oda don zumunci. Ya Fanna ta daina fita gyaran tabarma.

Wata bakwai aka yi haka. Mabiya suna ƙaruwa kaɗan-kaɗan, masu tallar nan dai ba a san su ba har yanzu. Turaren wuta da humrar da Zara ke haɗawa su suka riƙe tukunya, kuma ba ta taɓa yi masa gori ba, sai dai in ya ɗauki tabarau takan ce, "Yau kuma mi za a ci, ko mi za a faɗa ciki?" Gaisuwar asuba kuwa tana nan, amma ta canja. Shirun da ke biyo bayan kowace tambaya ya fi ƙarfinsa, don haka sai ya riƙa jero su a guje, kwana da gajiya da gwiwa duk a numfashi ɗaya, ya miƙe kafin shirun ya same shi.

Da aka fara shanyar tattasai, ya hau mota zuwa Gagamari da niyyar ya kwanta a tsakiyar jan shanya ya yi birgima, Jibirin ya ce launin zai kama ido. Yana neman mai shanyar da zai yarda da wannan wauta, sai ya ji muryar kansa tana fitowa daga wata rumfar zana. Ya leƙa. Dattawa biyar ne a kan tabarma, irin waɗanda suka baro garuruwan bakin kogi suka zauna nan, sun kewaye wata 'yar ƙaramar waya mai maɓallai da aka jingina da buta. Bidiyonsa na farko ne, mai mutum ɗari biyu da sha ɗaya. Daga waya zuwa waya aka yi ta tura shi har ya iso nan, ta hanyar da zanen Jibirin ba ya gani.

Abin da ya tsayar da shi ba kallon ba ne. Amsawa suke yi. Wayar ta ce ina kwananku, suka haɗa baki, "Lahiya lau." Kafin su rufe baki wayar ta wuce gajiya ta wuce yara ta kai ga awaki, dattawan suna bin ta a baya suna tuntuɓe, wani yana "kilewa" da Kanuri, wani yana "alhamdu lillahi", har aka rasa wa ke amsa me.

Wanda ya fara ganinsa Baba Umara ne, maƙwabcin gonar mahaifinsa a Geskeru. Aka yi gaisuwa ta gaske, wadda ta ci rabin awa. Da aka natsa, tsohon ya nuna wayar da haɓa.

"Abin nan naka ya iso mana. Kullum da hantsi muna sa shi, don ba mai kiran sunan garinmu yanzu sai kai. Ka iya gaisuwa, ba laihi. Amma wa ke korar ka? Ka tambaye ni kwana, kahin in buɗe baki ka kai ga masu jego. Jiya sau huɗu na sa aka maido shi baya kahin in sauke nauyin amsa." Ya gyara zama, ya dube shi sosai. "Ubanka injin yake kashewa."

Maina bai yi birgima a ranar ba. Ya koma gida da tabarau a aljihu, kuma bai sake sa shi ba sai in rana ta yi zafi.

Washegari da sassafe ya tafi bakin kogi, ya kafa waya, ya yi sallama, ya yi shiru. Ya ce, "Mutanen Geskeru, na gida da na waje, ina kwananku?" Ya sake yin shiru, yana kallon wayar, yana jin Baba Umara a ransa yana amsawa a hankali har ya kai ƙarshe, sannan ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla." Ya tambayi gajiya, ya jira. Ya tambayi yara, ya jira. Ya ce, "Masu ciwon gwiwa, ya ƙafa?" ya jira fiye da ko'ina, don ya san masu ciwon gwiwa ba sa amsa a taƙaice. A ƙarshe ya juya wayar ya nuna musu inda ruwa ya tsaya a ranar, ya faɗi yadda tattasai ya kwana a kasuwa, ya yi sallama.

Jibirin ya kalla ya dafe kai. "Minti huɗu, rabi shiru! Mutane su sayi megar intanet da kuɗinsu su kalli mutum yana kallon su? Maina, shiru kake sayarwa?"

"Ba shiru ba ne," in ji Maina. "Wurin amsa ne."

Gaskiyar Jibirin, matasa sun shure shi da yatsa. Amma matasan nan suna da iyaye. Wani ya tura wa tsohuwarsa don ta yi dariya, ba ta yi dariya ba, ta gyara ɗankwali ta amsa, washegari ta tambayi ina na yau. Kafin ruwan kogi ya janye, gaisuwar Maina ta zama abin da ake jira da hantsi a rumfuna da zaurukan da shi kansa bai taɓa takawa ba. Saƙonnin murya suka fara shigowa daga Agadas, daga Damagaram, daga Maiduguri, har daga masu aiki a Libiya, kowa yana amsawa tiryan-tiryan, wasu su ƙare da roƙon gobe a kira sunan ƙauyensu. Wani mutum ya aiko da minti shida, bai ce komai ba sai amsa. Masu tallar ma suka bayyana, sai dai ba irin waɗanda Jibirin ya yi alkawari ba: mai gyaran injin ban ruwa, dillalan tattasai biyu, da wata mai turare wadda ta zamo Zara ce. Wani watan abin ya fi albashi, wani watan ko kusa, ya koma duban kogi kamar kakanninsa. Jibirin yanzu yana gaya wa duk wanda ya zo rumfarsa cewa shi ya ba da shawarar shirun.

Duk wannan bai motsa Ya Fanna ba. Gari guda yana amsa wa Maina, ƙofa ɗaya ta ƙi. Yakan dawo daga bakin kogi mutane suna ɗaga masa hannu, ya shiga gida ya ji duk abin ya zube.

Wata ranar hantsi ya kama hanyar kasuwa, ya tuna ya bar caja, ya juyo. Yana shiga zaure ya ji muryarsa daga ɗakin tsohuwar, gaisuwar da ya ɗauka da safe. "Ina kwananku?" Sai ya ji wata murya da ya yi shekara bai ji ta a wannan gurbin ba ta ce, "Lahiya lau, alhamdu lillahi." Ya tsaya cak. Gajiya, ta amsa. Yara, ta amsa, har da ƙarin cewa ƙaramar jikarta ta kwana da tari. Da aka zo kan masu ciwon gwiwa, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan, sai dai in na tashi daga zaune. Allah shi yi maka albarka."

Zara ta fito daga madafa ta gan shi jingine da bango, hawaye na zuba, wannan karon ba barkono. Ta matso ta yi ƙasa da murya. "Wata biyu ke nan. Kullum sai ta aiko a karɓi wayata, wai za ta duba lokaci."

Bai shiga ba. Ya koma kasuwa ba cajar, ya yini yana tunani, kuma abin da ya gano bai yi masa daɗi ba. Ya bar wa mutanen Libiya wurin amsa, ya bar wa dattawan Gagamari, amma a ƙofar mahaifiyarsa har yau a guje yake jero tambayoyi ya tsere. Ko da ta huce tun tuni, ina za ta sa amsar?

Da asuba ya durƙusa ya yi sallama, ta amsa. Ya ce, "Ya, ina kwana?" Ya rufe bakinsa. Shirun ya zo, wanda ya yi shekara yana gudu, ya zauna masa a ƙirji. Carbi ya yi ƙara sau ɗaya, sau biyu. Zakaran maƙwabta ya yi cara ya gama. Gwiwoyinsa suka fara zafi a kan ƙasa, bai motsa ba.

"Lahiya lau," in ji Ya Fanna.

Ya tambayi gajiya, ya jira, ta amsa. Ya tambayi gwiwa, ta ba shi labarinta tun daga damina. Sai da suka kai ƙarshe, ya yunƙura zai tashi, ta ɗaga labule ta dube shi sama da ƙasa.

"Zauna," ta ce. "Ni ban tambaye ka ba tukuna. Ya aiki?"